Itatuwan Kalilu a Kan Jinga

Duk wanda ya taɓa zuwa shan iska a dam ɗin Kwarin Gawo, nan bayan Daura, ya san Baba Kalilu ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn tsohon nan mai hular saƙi da za ka tarar a gindin darbejiya, tarin rake a gabansa, yana ferewa yana faɗa. Faɗa da wa? Da kowa mana. Da samarin da ke tuɓe riga su faɗa ruwa ko bisimilla babu, da 'yan acaɓa masu hawowa a guje kamar an biyo su, da awaki, har da tsuntsun da ya yi masa kashi a tabarma. Sai dai faɗan nasa a baki ya tsaya. Wanda ya gama zazzaga wa masifa yanzu, shi zai miƙa wa gaɓar rake anjima ya ce, "Ungo, sha, ja'iri, ka gaida mutan gida."

Wurin zamansa kan jinga ne, wato doguwar katangar ƙasan nan da ta tare ruwan. Daga wannan baki har wancan, itatuwan darbejiya ne jere a kanta, manya-manya, sun haɗe kai a sama, rana ba ta samun ƙofa. Duk shi ya dasa su da hannunsa. In ka tambaye shi guda nawa ne, sai ya harare ka. Wai ƙirga abu na kore masa albarka.

Yana saurayi, ko gemu bai fara ba, aka zo aikin dam ɗin. Gonar mahaifinsa na cikin kwarin da ruwa zai cinye, tsohon kuwa har ya koma ga Allah bai daina zancen gawon da ke tsakiyarta ba. Kalilu da ya ga ba makawa, sai ya shiga lebura. Manyan motoci na kawo jar ƙasa daga wani tudu mai nisa, don ƙasar kwarin rairayi ce fari tas, ba ta riƙe ruwa. Su baza, a yayyafa ruwa, motar daɓe ta bi ta kai, su sake bazawa. Haka jinga ta tashi a gaban idonsa. Da damina ta sauka ruwa ya taru, kai, ranar an sha kallo! Mutanen da suka tashi ba su san ruwa ba sai wanda guga ya jawo daga rijiya, ga shi yau shimfiɗe iya ganinka. Wata tsohuwa har rantsuwa ta yi cewa wannan ne tekun da alhazai ke ba da labari.

Abu ɗaya ne babu a wurin, inuwa. Mutum ya taho daga cikin gari da iyalinsa don su ga ruwa, rana ta gasa musu ƙeya, kafin a yi haka sun juya. Ana nan sai aka shiga zamanin da rediyo ba ta da zance sai na hamada: hamada na tahowa daga arewa, kowa ya dasa itace. Malaman daji suka riƙa yawo ƙauye-ƙauye suna raba dashe a leda, kyauta. Wasu suka karɓa suka ajiye a bayan ɗaki har awaki suka cinye. Kalilu kuwa ya tsaya ya yi tunaninsa irin na manomi. Itace na son ruwa, ga ruwa. Mutane na son inuwa, ga inda suke tsayawa. To ina za a dasa da ya wuce kan jinga?

A shekarar aka kawo masa amaryarsa Haulatu. Har gobe tana ba da labarin yadda ta tashi da safe ta nemi sabon tulunta na gara ta rasa, ashe ango ya yi gaba da shi yana shayar da dashe. Kowanne ya kewaye shi da ƙaya. Wanda akuya ta ci, ya sake. Wanda ya mutu, ya sake. Ya yi rigima da makiyaya, ya yi da masu wanki, sau ɗaya har gaban mai gari aka je saboda wani jaki. Da itatuwan suka kai tsayin mutum, wani babban jami'in gandun daji ya zo ya gani, ya tara jama'a, ya ɗaga hannun Kalilu sama, aka ba shi keke sabo fil. Aka yi ta tafi. A duk taron nan, da mai karatu da marar karatu, ba wanda ya ce masa, "Kalilu, ba a dasa itace a kan jinga, saiwa na huda ta." Babu wanda ya faɗa, don babu wanda abin ya faɗo wa a rai.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, inuwa na faɗi. Ranar Juma'a da yamma da kwanakin Sallah, wurin nan ba masaka tsinke. Iyalai daga cikin Daura, 'yan makaranta a motar haya, samari a kan babura tun daga Mashi, angwaye da amare da mai hotonsu. Kalilu ya shimfiɗa musu tabarmi, ba ya karɓar ko sisi a kan tabarma, rakensa kawai za ka saya in ka ga dama. Mace ta haihu a gari, a aiko wurinsa ya karyo ganyen wankan jego da kansa, don ba ya yarda wani ya hau masa itace. Ka kuskura ka karyi asuwaki ba izini, ka jawo wa kanka wa'azin da sai ka gwammace ka kwana da datti a baki. Amma in ka roƙa, shi zai zaɓo maka mai laushi har ya fere maka bakinsa.

Akwai maganar da ba ya gajiya da faɗa wa Haulatu. "Ke, ni ban je Makka ba. Ban gina masallaci ba, ban haƙa rijiya ba. Amma liman ya ce duk wanda ya dasa itace, mutum ko dabba ko tsuntsu ya amfana, ana rubuta masa lada ko bayan ransa. To guzurina ke nan. Ranar da aka tambaye ni me na zo da shi, in ce a je kan jinga a duba."

Haulatu takan ce, "To Malam, Allah ya karɓa. Ci tuwonka kada ya huce."

Shi dam ɗin ma tsufa ya yi kamar mai shi. Laka ta cika gindinsa, ciyawar kacalla ta cinye gefe guda, simintin da ruwa ke bi ya wuce in ya cika duk ya tsattsage. Gafiyoyi suka yi gidaje a jikin jinga, shanu suka yi mata hanya har ta zaizaye. A bayanta kuma, can ƙasa, inda da babu kowa, mutane sun biyo danshi sun yi lambuna, daga lambu aka kafa bukka, daga bukka aka yi gini, har wurin ya zama unguwa guda mai yara da tumaki. Masu duba dam sukan zo jefi-jefi, su tsaya a inuwa su sha rake, su ce Baba sannu da ƙoƙari, su tafi.

Sai bara, a hadarin farko na damina. Da la'asar ne, iska ta riga ruwa isowa, irin mai ɗauke rufin kwano. Babbar darbejiyar da ke tsakiyar jinga ta yi wani kuka, ta tafi ta baya gaba ɗaya, saiwarta a sama. Ba ita kaɗai ta tafi ba, ta ɓamɓaro ƙasar jinga ta bar ramin da zai haɗiye amalanken shanu. Da ruwa ya tsagaita mutane suka taru, kowa idonsa a kan ramin, ana ta salati. Kalilu shi kaɗai ne bai kalli rami ba. Yana can tsugune wurin itacen yana shafa ɓawonsa, Allah sarki, hawaye na bin gemunsa.

Aka cika ramin da buhunan ƙasa. Bayan 'yan kwanaki sai ga Saminu ya zo daga Katsina da abokan aikinsa. Saminu dai mijin Ikilima ne, autar Kalilu, kuma ma'aikacin ruwa ne, aikin dam ya karanta. Yaro ne mai kunya ta gaske. Tun da ya auri Ikilima bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, in ya hango shi tun daga nesa yake cire takalmi. Suka bi jinga daga wannan kai zuwa wancan, suka gangara bayanta, suka daɗe a can. Da suka hawo, Saminu ya zo ya durƙusa nesa da tabarma, kansa a ƙasa.

Kalilu ya ce, "Yaya, kun ga ɓarnar da iska ta yi mini?"

"Mun gani, Baba."

"To me kuka gano?"

Saminu ya yi ta zane a ƙasa da yatsa. Can ya ce, "Allah dai ya ƙara wa Baba lafiya." Ya tashi ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Daga ranar garin ya canza wa Kalilu. Ya doso majalisa ana hira, sai a yi tsit, sannan kowa ya shiga yi masa sannu har ta yi yawa. Mai gari ya aiko a kira shi, ya je, aka yi ta zancen tsadar taki, aka sallame shi ba a ce komai ba. Ikilima ta zo gida ba biki ba suna, ta wanke masa kaya tas, da za ta tafi ta fashe da kuka a zaure. Haulatu kuwa, wadda ba ta taɓa raga masa ba, ta koma sa masa man shanu a tuwo har yana kwance.

To kafin wannan da kaɗan ya yi fama da tari, har Saminu ya kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Sai tsoho ya haɗa wannan da wancan ya gama lissafinsa: likita ya faɗa wa Saminu wani abu, ana ɓoye masa. Ya kwana biyu yana yafe wa mutane laifin da ba su san sun yi ba. Ya kira wani makiyayi da suka yi shekaru ba sa ga maciji ya ba shi rake kyauta, mutumin ya karɓa yana waige-waige. Ran nan da hantsi ya zaunar da Haulatu a tsakar gida.

"Ni ba yaro ba ne, kuma mutuwa ba baƙuwa ba ce. Faɗa mini abin da likita ya ce. Zan kai kaka ko ba zan kai ba?"

Haulatu ta saki baki tana kallonsa. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye kuka. Ta share ido da bakin zane ta ce, "Malam, lafiyarka lau, sai ka binne mu duka. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, bari in faɗa maka, in ka ga dama ka sake ni. Itatuwanka ne."

Ta kwashe duka ta faɗa masa. Saminu ya ce saiwoyin sun ratsa jinga sun kai ga ruwa. Waɗanda suka mutu sun ruɓe sun bar ƙofofi a ciki, ruwa na bi. Kowace iska kuma na iya kayar da wani itacen ya tafi da ƙasa kamar wancan. In ruwan Agusta ya cika dam a haka, jinga na iya ɓallewa a kan mutanen da ke ƙasa. Magani ɗaya ne, a rage ruwan, a sare itatuwan duka, a tono saiwoyin, a cike da jar ƙasa a daɓe, kuma tun kafin damina ta yi nisa. Saminu ya kasa faɗa wa surukinsa, ya faɗa wa Ikilima. Ikilima ta kasa, ta faɗa wa uwarta. Mai gari ya ce ba mai taɓa ko reshe sai Kalilu ya ji, ya kira shi don ya faɗa masa, shi ma bakinsa ya yi nauyi. Saminu kuwa yana can yana ta roƙon manyansa su ƙara masa lokaci, hadari kuma kullum sai ya haɗu.

Tabɗi! Ranar maƙwabta sun ji murya. "Ni za a gaya wa jinga? Ina cikin waɗanda suka gina ta lokacin uban Saminu ma bai yi kaciya ba! Wa ya ba ni dashen? Ba hukuma ba? Wa ya ba ni keke? Jiya na zama gwarzo, yau na zama mai ɓarna? Yaron da na ɗauki 'ya na ba shi, shi zai zo ya tone mini guzuri!" Ya shuri butar alwala, ya fice ko tuwon bai kalla ba. Haulatu ta ƙyale shi. Ta san mijinta, in yana tafasa ba a sa hannu.

Wuni ya yi a kan jinga bai sayar da rake ko gaɓa ɗaya ba. Washegari da safe, maimakon ya shimfiɗa tabarma, sai ya ɗauki sandarsa ya nufi gangaren baya. Ya yi shekaru bai sauka nan ba saboda gwiwa. Niyyarsa ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya ƙaryata kowa.

A gindin jinga ya tarar da Laraba a lambunta. Laraba bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta da lambun da jikoki marayu, gidanta ne na farko in ka sauko. Tana ganinsa ta yar da fartanya ta durƙusa, gaisuwa har tana haɗa kalmomi, tana yi tana matsawa don ta tare masa wani wuri da jikinta. Ya zagaye ta. Ga ciyawa kore shar a jikin jinga, ƙasa ta yi taɓo, kwaɗi na tsalle. A tsakiya wani siririn ruwa na fitowa, bai fi kaurin yatsa ba, yana gangarawa cikin rairayi.

Da fari ne ruwan, da ya ce danshi ne kawai irin na kowane dam. Amma ja ne. Inda ya bi duk ya shimfiɗa jan laka a kan farin rairayi. Kalilu ya san ƙasar nan, shi ya baza ta da shebur yana saurayi, kuma ya san babu irinta a kwarin nan sai a cikin jinga. Wato jingar ce ke fita kaɗan-kaɗan. Ya durƙusa da ƙyar, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu a ramin har gwiwar hannu. Yatsunsa suka kama wani abu, ya ja, ya fito da guntun saiwa, rabi ruɓaɓɓe rabi ɗanye. Ya kai baki ya ɗan ciza. Ɗacin da ya sani ne, ba ya bukatar mai gaya masa.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Laraba, ina jikokinki? Ban ji motsinsu ba."

Ta yi ƙasa da murya. "Suna tudu, Baba, gidan yayana. In hadari ya haɗu can suke kwana."

"Ke fa?"

"Ni ina nan. Wa zai kula da tumaki?"

"Tun yaushe kika ga wannan ruwan?"

"Ya kwana biyu, Baba."

"Kuma kullum kina wucewa ta gabana ki gaishe ni, ki ce mini lafiya lau?" Ya juyo ya dube ta. "Haba Laraba! Kun gwammace ruwa ya tafi da ku da ku ɓata wa tsoho rai?"

Ta ce, "Baba, a inuwarka aka ɗaura mini aure. Duk haihuwar da na yi, da ganyenka na yi wanka. Da wane ido zan dube ka in ce a sare?"

Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya hau gangaren nan yana tsayawa yana hutawa, guntun saiwar a hannunsa. Da ya isa gida ya ce wa Haulatu ta sa a buga wa Saminu waya, ya zo yau ba gobe ba.

Saminu ya iso bayan azahar, ya durƙusa a bakin zaure kamar kullum. Kalilu ya ce, "Matso. Ɗago kanka ka dube ni, yau ba surukinka ke magana ba, lebura ne ke tambayar injiniya. Ba wadda za a bari? Ko ɗaya, ta can ƙarshe?"

Saminu ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ko ɗaya, Baba. Na duba, na sake dubawa, na nemi hanyar da za a bar ko guda ban samu ba."

"Da ka faɗa mini tun ranar."

"Da wane bakin, Baba?"

Tsoho ya gyaɗa kai. "Kunya abu ce mai kyau, ɗana, amma ba ta tare ruwa. Je ka kawo masu zartonka."

Aka buɗe bututun fitar da ruwa na ƙasan jinga da ƙyar, don tsatsa ta cinye marfinsa, ruwa ya ja baya. Ranar da za a fara sara, mutane sun ɗauka Kalilu ba zai fito ba. Ina! Ya riga kowa, cikin rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa tabarma a inda ya saba. Masu injin zarto suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya iya tayar da inji. Sai da ya daka musu tsawa, "Kallona kuka zo yi? Ku yi bisimilla mana!" Suka faro daga can ƙarshe. Kowane itace ya faɗi sai ƙasa ta girgiza, tsuntsaye su tashi su yi ta kewaya sama sun rasa wurin sauka. Mata na tsaye daga nesa suna share hawaye. Shi kuwa yana zaune yana fere rake yana miƙa wa ma'aikata. Da aka zo kan wadda yake ƙarƙashinta, ya naɗe tabarmarsa da kansa ya matsa gefe.

Tonon saiwa ya fi saran wuya. Wata da motar haƙa ta jawo, tsawonta ya ba kowa tsoro, ta ratsa jinga tun daga sama har cikin ruwa. Kalilu ya bi ta da kallo daga wannan kai zuwa wancan ya ce, "Ja'irai. Shi ya sa ba su taɓa yi mini kukan ƙishirwa ba." Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Aka kawo jar ƙasa aka cike aka daɓe, ruwan Agusta ya zo ya cika dam ya bi ta hanyarsa ya wuce. Jikokin Laraba suka dawo kwana gida.

Saura itacen, tuli guda a bakin hanya. Masu gawayi suka zo, masu gidan burodi suka zo, masu katako suka zo tun daga cikin Daura, kowa na zuba tayi. Mai gari ya ce shi ba ruwansa, kayan Kalilu ne. Kalilu kuwa ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Ya rame, ya daina faɗa, abin da ya fi tayar wa Haulatu hankali ke nan. Kullum sai ya je ya zauna a kan wani gungume, rana na dukansa, yana kallon jinga tsirara.

Ana haka aka yi rasuwa a gari, wani tsoho sa'ansa. Aka kai shi makwanci, aka sa shi, aka zo rufi sai itace ya kasa. Ka san yanzu daji ya ƙare, itacen da za a jera a kan kabari kafin a zuba ƙasa ma wuya yake. Aka bar mamaci ana jira, samari suka bazama neman reshe, har aka ciro na dangar wani. Kalilu na tsaye yana kallo. Ana shafa fatiha bai ko tsaya gaisuwa ba, ya kama hannun Sama'ila, mai haƙar kabarin garin, ya ja shi har bakin tulin itacen nan.

"Auna mini tsawon da kake bukata."

Sama'ila ya gwada da hannunsa. Kalilu ya karyi kara daidai wurin ya miƙa wa masu zarto. "Duk haka za ku yanka mini. Masu kauri a faskara. Ba na sayarwa ba ne."

Aka yi rumfa a gefen maƙabarta aka jera su har sama. Da wurin ya cika, ya sa aka loda amalanke aka kai ƙauyukan kewaye, kowace maƙabarta da rabonta. Muryarsa ta dawo, har ya fi da. Wanda ya jera a karkace ya sha faɗa, wanda ya jefar da ƙarfi ya sha faɗa. "A hankali, kai! Kan mutum za a ɗora shi!"

Ranar da aka gama, da yamma, Haulatu na tankaɗe a tsakar gida sai ga shi ya shigo yana nishi, Saminu na biye da shi da wani ɗauri a ka, shi kuma da nasa a kafaɗa. Zaɓaɓɓu ne, miƙaƙƙu, daga itacen da ya saba zama a gindinsa. Suka jingina su a bayan rumbu, Saminu ya sulale ya fita.

Haulatu ta ce, "Wannan fa? Yau ka tuna da murhuna?"

"Ki kuskura ki hura wuta da ko ɗaya ki gani. Wannan ɗaurin nawa ne." Ya nuna ɗayan da sanda. "Wancan naki. Na zaɓa miki masu kauri, na san ki da ƙorafin rana."

Ta ajiye rariya ta dube shi, ta dubi itacen. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tabarmar da ta fi sabunta, ta lulluɓe ɗaurin biyu tare, ta ɗora dutse a kai don kada iska ta yaye.